Ƙwaƙwalwa Uku a Kan Tebur

Shekara goma sha ɗaya ina bugun tafireta a Samaru,
daura da ƙofar jami'a, ƙarƙashin rumfar kwano.
Yatsuna sun san kundin digiri fiye da masu digirin.
Rana ɗaya malamai suka ce sun gaji da bugun ƙarfe,
sai na kwamfuta, mai gefe a miƙe kamar an ja zare.
Layin da ke gabana ya tashi
ya koma ƙofar shagon Rasaki.

Na kwashi adashi, dubu talatin da ɗaya.
Laraba ta ɗora kuɗin tunkiyarta a kai, bakwai,
ba ta ce komai ba, ta koma kan tuwonta.
Na hau bas zuwa Sabon Gari,
hannuna bai bar aljihu ba har muka sauka.

Obiora ya share tebur da gefen hannu,
ya jera ƙwaƙwalwa uku, kowace ba ta kai tafin yaro ba,
ƙafafu sirara birjik a ƙasa, kamar na shanshani.

Wannan, in ji shi, fo-eti-sikis ce, tsohuwa,
ta ci ƙuruciyarta a wani ofis a Turai
kafin ta hau jirgin ruwa.
Ba ta gudu, ba ta kuma tuntuɓe.
Ashirin da biyar, har da allo da akwati.

Ta tsakiya Sairis, mai kwaikwayon manya.
Tana da hanzari, tana da zafin jiki,
ran da fankarta ta tsaya, ka fara salati.
Talatin da shida.

Ta ukun bai faɗi kuɗinta ba
sai da ya dubi takalmina.
Fentiyom. Sittin da biyu, ba ragi.

Ya yi ta zuba mini lissafin megahas,
sittin da shida, ɗari da hamsin, ɗari biyu,
ni da nake auna gudu
da shafi nawa zan gama kafin la'asar.

Na ɗauki ta ukun, na juya ta a haske.
Wallahi ba ta fi ta farkon nauyi ba.
Na ajiye a hankali, yadda ake ajiye ƙwan wani.

Zuciya ta ce ta tsakiya, a ce da kai ka waye.
Aljihu ya ce to firinta fa?
Na'urar daidaita wuta fa, ko ka manta halin Nepa?
Doki ba linzami, ina za ka da shi?

Ashirin, na ce. Albarka, in ji shi.
Na kai bakin ƙofa sau biyu, sau biyu yana kirana.
A ashirin da uku muka tafa.
Ya ƙara mini fulofi biyu gyara.

Araha ba ta ado, na sani.
In na kunna ta da safe
sai in yi shara, in sayo koko, in dawo,
sannan ta buɗe ido tana gurnani.
Ɗalibai suka sa mata suna Hajiya Sannu.
Amma harafi ba ya gudu ya wuce yatsa,
yatsun kuwa nawa ne.
Ran da aka ɗauke wuta
Fentiyom ɗin Rasaki da tsohuwata
duhu ɗaya suka zauna,
ni ko na jawo tafireta daga ƙarƙashin benci.

Wata takwas na mayar wa Laraba tunkiya, da ɗa a bayanta.

Jiya Rumasa'u ta tsinto ƙwaƙwalwar a cikin durowa,
ƙafafu uku sun lanƙwashe.
Ta ce wayar hannunta ta ninka ta sau dubu.
Na ce haka ne.
Ban gaya mata wace ce ta biya mata kuɗin firamare ba.
Na karɓa, na goge da bakin riga,
na danne rasit da ita kada fanka ta kwashe.