Taraktar Baba Mumuni

Ranar Talata suka kawo ta Magazin
a bayan tirela, ɗaure da sarƙa
kamar sa za a kai kwata.
Tun daga bakin titin Suame na gane ta:
fitilar hagu a fashe,
ga tabon waldar da na yi mata
shekarar da na auri Adiza.

Taraktar Baba Mumuni ce, ta Ejura.
Shekara goma sha tara tana zuwa wurina
kafin ruwan farko ya sauka,
in juye mata mai, in ɗaure abin da ya kwance,
shi kuma ya ce, kuɗin aiki sai kaka.
Kaka ta yi, ya biya,
har da buhun masara na iyali.

Yau ɗansa Gariba ne ya rako ta.
Ban tambayi gyaran me ba,
na ga mai sikeli yana biye da shi.

Ya ce, Masta, sawu uku tsoho ya yi banki.
Na farko suka ce takardar fili.
Na biyu suka faɗi kuɗin ruwa, ya cire hula ya fifita.
Na uku manaja yana taro har la'asar.
Da kanti zai gina a Adum
da sun ba shi kujera da ruwan sanyi.
Taki kuwa, sai tunkiya ta bar gida buhu yake shigowa.
Madatsar da aka ce za a yi mana,
allonta na nan, awaki na shan inuwa.

Na ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ya ce, to, cikin ne ya ƙafe.

Yarana shida ne a garejin nan a da.
Huɗu suna daji wajen Obuasi,
suna gyaran injin da ke tone gonar koko neman zinariya.
Can jari ya koma. Ban ga laifinsu ba.

Na kunna wutar yanka.
Ƙarfen kirki ne, ya wahalar da ni har azahar.
Ƙarƙashin kujera, cikin busasshen laka,
na tsinci ƙwayar masara bakwai.

Da rana na je wurin Fuseina cin wake da shinkafa.
Buhun da ta zauna a kai, rubutunsa ban iya karantawa,
tumatirin na gwangwani, kazar ta sha jirgin ruwa.
Ta ce, Masta, a ƙara yaji?
Na ce a ƙara.

Gariba ya ƙirga sidinsa sau biyu,
bai kai kuɗin tayar baya ɗaya ba.
Ya ce kada in faɗa wa tsoho nawa ne.

Masarar tana aljihun rigar aikina.
Ƙasar garejin nan baƙin mai ta sha,
ko ciyawa ba ta yarda da ita.
Gobe zan nemi gwangwanin madara,
in roƙi ƙasa a wurin masu fulawa.