Lambar da Ke Ƙarƙashin Tsatsa

Na sayo shi a Mandya, can jihar Karnataka,
inda rake ya fi mutum tsawo.
Na gangaro da shi ta dutsen Wayanad,
kwana tara, ba na barci ba, na hanya,
kowace kwana da addu'arta,
ruwan damina na dukan bayana kamar mai bin bashi.

Na ce gobe in ɗaura masa kwandon kifi,
in kewaye Vadakara kafin rana ta narkar da ƙanƙara.
Ashe kuɗi saye kawai suke yi,
takarda ce ke mallaka.

Ofishin rajista, taga ta uku.
Omana, tabarau a ƙarshen hanci,
ta juya fayil ɗina kamar mai shinshina kifin jiya.
Ta ce, "Lambar can ba ta cin shinkafa a nan.
Ina takardar sallama daga jiharsu?
Ina shaidar cewa ba na sata ba ne?
Ta hayaƙi fa? Inshora? Harajin hanya?
Je ka ɗora farar takarda a wuyan ƙarfen,
ka goga fensir har lambar ta nuna kanta."

Na durƙusa a farfajiya,
na kankare tsatsa da wuƙar fere kifi.
Ina gogawa, lambobin na tasowa ɗai-ɗai
kamar jiragen masunta da asuba.
Na kai mata, ina murna.

Ta duba. Ta sake dubawa.
"Puttaswamy ne ya sa maka hannu.
Littafin babur ya ce Girisha.
Wane ne Girisha?"

Motar dare ta mayar da ni.
A hanya na shirya faɗa, na jera shi, na wasa masa baki.
Na tarar da tsohon a ƙofar gida
yana ɓare kwakwa.
Da rabin yarensa da rabin nawa na tambaye shi,
sai adda ta tsaya a sama.

Ya ce, "Ɗana ne.
Shekara biyu ke nan.
Ba babur ɗin ba ne, kada ka ji tsoro, zazzaɓi ne.
Kowace Lahadi nakan tada injin
don kada shi ma ya yi shiru.
Yanzu gwiwata ba ta iya dukan kik."

Faɗan da na wasa ya dushe a aljihuna.

Daga akwatin gwangwani ya zaro takardar mutuwa,
an ninke ta har ta kusa rabewa huɗu.
Mun yi kwana uku muna bin tagogi,
ni da shi da matarsa Gowramma,
muna neman hatimin da zai ce su ne magada,
abin da duk ƙauyen ya sani.
Ta dangwala yatsa a tawada,
ta daɗe ba ta ɗaga ba.
Sannan ta ce, "In sun ba shi sabuwar lamba,
tsohuwar ina take zuwa?"

Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Wata huɗu, da kuɗin kifin wata biyu.
Ran da Omana ta buga hatimi
ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Na gaba."
Na kwance tsohon allon da kaina,
kusa ɗaya ta ƙi, sai da man kwakwa.
Na naɗe shi a jarida,
na rubuta Mandya a kai, na kai gidan waya.

Yanzu takarda ta ce Sajeevan.
Da asuba ina matsa hon, kyanwoyi na biyo ni,
mata na taya kifi kamar kyauta na zo bayarwa.
Sai dai madubin hagu yana ɗan kallon sama,
dogon mutum ne ya saita shi.
Ban taɓa shi ba.
Nakan miƙa wuya kaɗan.