Bashin Jemage

A gindin Dutsen Mbula, inda hanyar Dass ke lanƙwasa,
kakata Ladingo tana da ɗorawa bakwai.
Ba ita ta shuka ba, tarar da su ta yi
kamar yadda ta tarar da dutsen.

In bazara ta matso, zafi ya hana kare haushi,
sai su rataya jajayen furanni, tuntu-tuntu.
Da magariba jemagu su sauko,
su dulmiya baki cikin zaƙin,
su tashi da garin fure a gemu
su kai wa bishiyar gaba.
Mu yara muna harbinsu da danƙo.
Ita kuwa ta ce, "Ku bar mini 'yan ƙodagona.
Wannan mai kwana kai a ƙasa
shi ke sa miyarku ƙamshi."
Muka yi dariya har da riƙe ciki.
Ina jemage, ina daddawa?

Ba ta san kalanda ba.
Shamuwa ce ke gaya mata a gyara gona,
gina ta fito daga suri, a fito da iri,
kwaɗin fadama su yi ta surutu har asuba,
ta ce ruwa ya zauna.
Kowa da aikinsa, kowa da lokacinsa,
ba wanda ya taɓa kiran taro.

Sai shekarar da ɗan Jatau ya kwanta asibiti.
Jatau ya zo da gatari da kunya a fuska,
aka yi ciniki, biyu suka faɗi.
Baɗi shinkafa ta ƙone a tsaye, aka ƙara biyu.
Ta biyar iska ce ta kayar,
don ba sauran 'yar'uwa mai tare mata.
Na ga inuwarmu cikin buhunan gawayi,
an ɗaure mata baki da ganye,
tana jiran motar Bauchi.

Yanzu shamuwa ta zo ta yi ta tsayuwa a kan tsamiya
kamar baƙon da aka ba wa rana ba daidai ba.
Sati uku sama ba ta ce uffan,
rannan kuma ta juye na wata guda a dare ɗaya,
rafi ya kwashe bayan gona ya kai wa wasu.
Biyun da suka rage suna fure, ba su fasa ba,
suna ado, ba mai zuwa kallo.
Kalwar bana ba ta cika ƙwarya ba.

Da waken suya take daddawa yanzu.
Ta ɗanɗana, ta kau da kai, ta ce, "Ya dai fi babu."

Na dawo daga makaranta da kalmomi cike da baki,
na ce, "Kaka, sauyin yanayi ake kiransa."
Ta ce, "To. Sun raɗa masa suna kenan.
Ni tun yana ciki na san shi.
Miƙo mini ledojin can."

Ledojin ruwan sha ne, ta tsinto a bakin tasha,
ta cika su da ƙasa da kashin awaki,
kowace ta tura mata ƙwayar kalwa da babban yatsa,
talatin da ɗaya, jere a gindin katanga.
Na ce, "Shekara nawa kafin su haihu?"
Ta ce, "Kai ka ƙirga, kai ke da biro.
Ni bashi nake biya.
Na ci na wanda ban san sunansa ba."

Akuya ta cinye tara. Rana ta kashe huɗu.

Jiya da dare ina alwala a bayan ɗaki
na ji fuka-fuki, fat, fat, can wajen tsohuwar bishiya.
Ɗaya ne, ko biyu, duhu bai bar ni na gani ba.
Na tsaya da buta a hannu, ban motsa ba,
ni da na taɓa kashe shida a yini guda,
ina tsoron kada tarina ya kore shi.