Ɗan Rakiya

Kakana Nomau, in za shi Gwadabawa biyan bashi a ɓoye,
ta fadama yake bi da jijjifi,
kafin hantsi shanu sun tattake sawunsa.
Har ya koma ga Allah ba a san mai binsa ba,
balle nawa ne.

Ni kuwa duk Talata
nakan ce wa Ige na tafi Kasuwar Daji jin farashin albasa.
In hau kabu-kabu a Mabera,
in sauka nesa da ƙofar asibiti, in ƙarasa da ƙafa,
hula har gira,
katin likita a ninke cikin aljihun ciki.
Bakina ƙanin ƙafata.

Ashe a ɗaya aljihun akwai ɗan rakiya
wanda ba ya gyangyaɗi.
Duk dogon ƙarfen da muka gifta,
mai jar fitila a ka,
sai ya yi masa sallama: ga mu nan, ga mu nan,
da muryar da kunnena ba ya kamawa.
Na Mabera ya miƙa ni ga na Gawon Nama,
hannu zuwa hannu,
kamar bokitin kashe gobara.

Ran da na sayi layin, ƙarƙashin wata lema,
yaron ya ɗau hotona, ya dangwala yatsuna,
ya rubuta sunan mahaifiyata,
sunan da ko ni ba na faɗa.
Na ce, ina za su?
Ya ce, "Sama, Baba." Ya miƙo min canji.

Jiya bayan la'asar saƙo ya shigo.
Maganin ciwon da ban gaya wa kowa ba,
wai an yi rangwame, a kira wannan lamba.
Da sunana. Har da unguwa.
Tabarauna ya ɓata,
Ige ce ta karanta min.
Sau biyu ta karanta.
Sannan ta kife wayar a kan tabarma
kamar kwanon da aka gama da shi.

Wa ya sayar da ni, kuma nawa?
Na je ofishinsu, wata yarinya mai fara'a ta ce ba su ba ne.
A da, mai tsegumi yana da gida,
ana iya aika masa dattijo.
Wannan fa, ƙofar wa zan buga?

Talata mai zuwa a bakin taga zan bar ta,
ta yi ta gaida ƙarfen Mabera ita kaɗai.
Ige ta ce ƙafarta ƙafata.
Tun yau ta goge mayafinta,
ta sa tata wayar a caji.