Mai Awon Iska a Damagaram

Ƙarfe biyar da rabi na saki balan-balan,
fari, da akwatin awo rataye a wuya.
Ya haye saman duwatsun Birni,
ya koma ƙwayar gero, ya ɓace.
Shekara ashirin da shida ina aikensa,
bai taɓa dawo mini da kansa ba,
sai dai lambobi.

Yau lambobin ba su yi mini daɗi ba.
Allurar nauyin iska tun jiya take durƙusawa
kamar jakin da aka labta wa kanwa.
Gure ta bugo waya: gabas ta haɗe rai.
Gari ya yi tsit, ganyen bedi ko motsi,
tururuwa na kwasar ƙwai zuwa tudu.

Iya Cima ta tare ni a bakin Kasuwar Dole:
"Kai mai duban sama, katangata ta tsage.
In tokare ta, ko in kwashe jikoki?"
Na ce zai zo bayan la'asar, wannan na sani.
Ta ce, "Zuwansa ai ko akuya ta sani.
Ƙarfinsa nake tambaya."
Na sosa ƙeya.

Nan ne aikin namu yake ɗingishi.
Hanyar hadari, ba ni alli in zana maka,
amma cikinsa cikin mutum ne.
Na ga wanda ya taso da ruri daga Mirriya
ya iso nan ko shanya bai jiƙa ba.
Na ga wanda na rubuta wa "matsakaici",
ya yaye kwanon makaranta kamar ɓawon ayaba,
ya kai shi Garin Malam ya ajiye,
ya bar ni da takarda da sa hannuna a ƙasa.

Akwai abin da ban gaya wa Iya Cima ba.
Wannan da zai bi ta kanmu ba nan zai mutu ba.
Zai yi yamma, ya tsallake Kwara,
ya yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare masa,
ya faɗa teku.
In ya tarar da ruwan da ɗumi, ya sha ya ƙoshi,
sai ya fara juyi kamar mazari,
ya buɗe ido guda a tsakar ka.
Can ne za su raɗa masa suna,
su ba shi lamba, ɗaya zuwa biyar.
Mu da aka haife shi a ƙofar gidanmu
ba a ko kawo mana goron suna.

Ɗana Mutari yana can, a wani tsibiri,
yana ɗaure jirage da igiya mai kaurin cinya.
Bara ya ce, "Baba, da dare sun ce biyu ne,
gari ya waye yana huɗu."
A makewayi ya kwana, katifa a ka,
yana jin rufin maƙwabta na wucewa.
Tun ran nan in na karanta allura
sai na goge tabarau na sake dubawa.
Lambar da zan tura yau daga filin jirgi
za ta faɗa lissafin wani da ban sani ba,
wanda zai ce wa Mutari zauna,
ko ya ce masa tashi.

La'asar sakaliya gabas ta zama gindin tukunya.
Kofunan awo a kan ƙarfe sun fara zagaye,
a hankali, sannan kamar ana bin su bashi.
Na tura yaro da keke:
maza, ka ce wa Iya Cima ta kwashe jikoki.
In ya zo da sauƙi ta zage ni gobe,
na ji, na ɗauka.

Sittin. Saba'in da biyu.
Ƙofa ta bugu, ƙamshin ƙasa ya shigo.
Tamanin da biyar.
Wuta ta ɗauke.
Na laluba fensir a duhu,
na rubuta a bayan hannuna.