Talata, Bayan La'asar

Gidanmu a Aboabo ɗaki goma sha ɗaya ne,
ƙofa ɗaya, kunne ɗari.
In ka yi tari, na ƙarshen layi zai ce maka sannu.
Shi ya sa nake hawa benen Alhaji Issaka da ba a gama ba,
in zauna kan bulo, tsakanin rodi masu tsatsa,
in jingina wayata da gwangwanin madara.

Gilashin wayar ya tsage tun daren nan.
Tsagar ta ratsa fuskar Malama Sakinatu
daga gira zuwa haɓa.
Tana Madina, ta Accra, ba ta Manzo ba.
Ban san tsawonta ba, ban san takalminta ba,
na dai san fankar da ke juyi a bayanta
da yadda take iya jira.

Shekara sha tara ina jan babbar mota, Bolga zuwa Kumasi,
ko kaza ban taɓa takawa ba.
Liman ya ce ƙaddara ce, na yarda.
Azumi ta kawo rubutu, na sha.
A tasha suka ce, kai da ka fito da ƙafafunka,
me kuma kake nema?
Duk na ji.
Amma murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida,
sai ƙafata ta dama ta shiga neman birki
a kan tabarma.

Ta ce, kanka ya san gari ya waye,
jikinka ne ba a gaya masa ba.
Ta ce, kirga mini abin da idonka ke gani yanzu.
Na ce, hasumiyar masallaci.
Rufin kwano, ja, ja, ja, har Asawase.
Akuya a kan tarin yashi.
Wata yarinya da tiren borodi tana faɗa da canji.
Ta ce, ja numfashi.
Na ja. Hayaƙin kifi ne, ba na taya ba.

Talata shida muna zagaye zancen
kamar mai neman wurin fakin a Kejetia.
Ta bakwai, hadari ya haɗo ta wajen Tafo,
na rufe ido na ce:
Mutala ya roƙe ni.
A Kintampo ya ce, Maigida, mu kwana, idonka ya yi ja.
Na ce tumatir ba ya jira.
Shekararsa ashirin da biyu.
Ya cire silifas, ya ɗora ƙafa a gaba, ya yi barci
don ya amince da ni.

Na buɗe ido.
Fuskarta ta daskare, baki a ɗan buɗe,
fankar ta tsaya cik,
wani ɗan da'ira yana ta juyi a goshinta.
Ashe hoto na gaya wa.
Wata goma ina ɗauke da dutsen nan,
na sauke shi gaban hoto.

Na yi dariya har akuyar ta ɗago kai.

Da layi ya dawo ta ce, Malam Tahiru, yi haƙuri,
daga Kintampo ban ƙara ji ba.
Za ka iya maimaitawa?

Na maimaita.
Na biyun bai kai na farkon nauyi ba.
Ba ta ce ba laifina ba ne,
ba ta ce laifina ne ba.
Ta ce, ina mahaifiyarsa take?
Na ce, Sawaba, kusa da injin niƙa.
Sai data ta ƙare.

Jiya na shiga trotro, kujerar gaba.
Direban yaro ne, yana tuƙi da hannu ɗaya.
Ƙafata ta taka birkin da babu sau uku,
amma ban sauka ba.
A cinyata goro ƙwarya guda, a ganye,
da silifas ɗin Mutala cikin leda.
Na tsaya a ƙofar gidan, injin yana ta ruri,
na yi sallama, ba a ji ba.
Na sake.