Ƙusa a Bango

Kakana Nomau, in ji Inna,
da hannunsa ya ciro tukunyar tsafi
daga gindin tsamiya, can ƙarƙashin Kufena,
ya rotsa ta da dutse,
busasshen jini da gashin zakara suka watse.
Ya wanke hannu, ya gangaro Wusasa,
aka raɗa masa Filibus.
Da wannan labari aka yaye mu.
Mukan ba da shi muna ɗaga kafaɗa:
mu dai gidanmu an daɗe da sallamar gunki.

To, nawa ba a sassaƙa shi ba.
Ba gizago, ba itacen maɗaci.
A Sabon Gari na saye shi, jikin kalanda,
fari sol, gashi na kwance a kafaɗa,
hannu sumul kamar bai taɓa riƙe zarto ba.
Irimiya kafinta ya sa masa gilashi,
na rataye shi sama da talabijin.
Hoto ai ba laifi, na ce.
Kuma gaskiya ne, laifin ba na takarda ba ne,
wanda na ajiye a bayanta ne.

Wancan ɗan kasuwa ne.
In na sa baiko ranar Lahadi
sai in rubuta a bayan ambulan,
in jira riba kafin Asabar.
Yana son wanda nake so.
Wanda ya taka ni a wurin aiki
shi ma ya tsane shi, ba ya ko tambayar dalili.
Kamar tela ya gwada ni ya ɗinka shi,
bai matse ni ko ta hammata ba.
Shekara goma sha huɗu muna tare,
bai taɓa ce mini a'a ba,
ni kuwa ban taɓa zargin komai ba.

Sai daminar da Lai'atu ta kwanta.
Shekararta tara, haƙori ɗaya bai gama fitowa ba.
Na sayi kwalbar mai da aka yi wa addu'a,
na shafa mata a goshi, a tafin ƙafa.
Na yi azumi, na ninka baiko,
na tsaya a barandar asibitin Shika
ina karanto masa bashin da nake bin sa
kamar mai adashe ranar kwasa.
Ƙarfe uku da kwata aka zare mata robar ruwa.
Sabi'u mai shayi, wanda na sa allahna ya ƙi,
shi ya riƙe ni har gari ya waye,
bai ce komai ba, ya miƙo mini ruwa a leda.

Ban jefar da hoton ba, kada in yi ƙarya.
Rufi ne ya yi yoyo, bango ya jiƙe,
wata Talata ya faɗo da kansa.
Matata ta share gilashin.
Abin da ya rage ƙusa ce,
tsatsa ta ci kanta, ta ɗan karkace.

Yanzu gabanta nake zama da asuba.
Ba na yi mata sujada, na koyi wannan.
Tana dai tuna mini da Wanda aka buga wa irinta,
Wanda ya roƙa a ɗauke masa, ba a ɗauke ba.
Ban san fuskarsa ba.
Ba ya shiga ambulan, ba ya shiga aljihu,
wani lokaci ba ya ko amsawa.

Kaka, taka tukunya ce, dutse ɗaya ya isa.
Tawa da muryata take magana,
tana kiran sunan Yesu daidai yadda nake kira.
Jiya ma na ji ta a bakina
ina cikin addu'a, tana tambayar canji.